Herbert Chapman: Ɗan Mai Haƙar Kwal Da Ya Gina Arsenal

  A wannan fitowar mun kawo muku tarihin wani mutumin Ingila mai suna Herbert Chapman, wanda ya rasu tun shekarar 1934. Ko kakanninmu ba su riske shi ba, amma duk mai kallon gasar Firimiya yana ganin aikinsa kowane mako, ko da bai san sunansa ba.

Mun zaɓe shi ne saboda musun da ba ya ƙarewa a tsakaninmu. Wasu na cewa kuɗi ne ke cin kofi, duk ƙungiyar da ta sayi manyan 'yan wasa ita ce za ta yi nasara. Wasu kuma da an ci ƙungiyarsu wasa uku a jere sai su ce a kori koci. Rayuwar Chapman tana da amsa ga ɓangarorin biyu. Saboda haka muna roƙon magoya bayan Manchester United da Chelsea da Liverpool kada su wuce don sun ga sunan Arsenal a sama. Labarin na kowa ne.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Herbert Chapman ranar 19 ga Janairu, 1878, a wani ƙauye mai suna Kiveton Park da ke yankin Yorkshire a arewacin Ingila. Mahaifinsa lebura ne a ramin haƙar kwal, kuma 'ya'ya goma sha ɗaya ne a gidan. A wancan zamani yaron da aka haifa a irin wannan ƙauye yakan bi ubansa cikin rami ne da zarar ya ɗan tasa. Herbert dai ya riƙe karatu har ya shiga kwalejin fasaha ta birnin Sheffield, inda ya koyi aikin injiniyan haƙar ma'adinai. A 1905 ya auri wata malamar makaranta mai suna Annie.

Ɗan wasan da bai yi fice ba

Chapman ya buga ƙwallo, amma bai zama tauraro ba. Ya yi ta yawo daga wannan ƙungiya zuwa waccan: Grimsby, Swindon, Northampton, Sheffield United, Notts County, har zuwa Tottenham, wadda ita ce babbar abokiyar hamayyar Arsenal a yau. A Tottenham ma ba kullum yake samun shiga wasa ba. A gidansu ƙaninsa Harry ne gwanin ƙwallo, domin shi ya ci kofin lig sau biyu da kofin FA sau ɗaya da ƙungiyar Sheffield Wednesday.

To amma zaman benci bai tafi a banza ba. Yana kallon wasa da idon mai lissafi, yana tambayar kansa me ya sa ƙungiya ke kai hari ba iyaka amma a ƙarshe a cinye ta.

Aikinsa na farko

A 1907 Northampton Town ta ɗauke shi ya zama ɗan wasa kuma mai horarwa. Lokacin ita ce ta ƙarshe a teburin gasar kudancin Ingila. Cikin shekara biyu, a 1909, ta zama zakarar gasar.

A nan ya kamata mu fahimci yadda ake tafiyar da ƙungiya a da. Masu kuɗin da ke kwamitin gudanarwa su ne ke zaɓen waɗanda za su buga wasa, shi kuwa manaja aikinsa rubuce-rubucen ofis ne da shirya tafiye-tafiye. 'Yan wasa kan shiga fili kowa ya yi abin da ya iya. Chapman ya ƙi yarda da haka. Ya dage cewa shi zai zaɓi 'yan wasa, shi zai tsara yadda za su tsaya a fili, kuma shi zai ɗauki laifi idan an sha kashi. Irin kocin da muka sani a yau, mai cikakken iko a kan ƙungiya, daga irin wannan tsayuwar ya samo asali.

A Northampton ɗin ne kuma, a 1911, ya sayo Walter Tull daga Tottenham. Tull yana cikin baƙaƙen fata na farko da suka buga ƙwallon ƙwararru a Ingila, kuma ya sha zagin wariyar launin fata daga 'yan kallo. Chapman ya dubi ƙafarsa ne, bai dubi launinsa ba, kuma Tull ya buga wa Northampton wasa sama da ɗari.

Jarrabawar Leeds

A 1912 ya koma ƙungiyar Leeds City da ke rukuni na biyu. Yana cikin gyara ta, har ta kai matsayi na huɗu, sai yaƙin duniya na ɗaya ya ɓarke a 1914, aka kuma dakatar da gasar lig a shekarar da ta biyo baya. Chapman ya tafi aiki a wata masana'antar haɗa harsasai da ke Barnbow, kusa da Leeds.

Bayan yaƙi sai aka zargi Leeds City da biyan 'yan wasa kuɗi ta bayan fage a lokacin yaƙin, abin da doka ta hana. Hukumar ƙwallo ta nemi a kawo littattafan kuɗi, shugabannin ƙungiyar suka ƙi. A watan Oktoba na 1919 aka kori Leeds City daga gasar gaba ɗaya, aka yi gwanjon 'yan wasanta a wani otal kamar kayan kasuwa. Daga baya ne aka kafa Leeds United da muka sani a madadinta. Chapman na cikin waɗanda aka haramta wa shiga harkar ƙwallo har ƙarshen rayuwarsu.

Ku yi tunani, mutum yana da shekara 41, ga iyali, an rufe masa ƙofar sana'ar da ya fi ƙauna. Ya samu aiki a wani kamfani a garin Selby, amma a ƙarshen 1920 nan ma aikin ya ƙare. Da a ce ya miƙa wuya a nan, da yau babu wanda zai rubuta tarihinsa.

Huddersfield da darasin lissafi

Ƙungiyar Huddersfield Town ce ta neme shi. Aka ɗaukaka ƙara, aka nuna cewa yana can masana'antar harsasai lokacin da aka yi laifin da ake magana, sai aka ɗage masa hukuncin. Ya kama aiki a 1921. A 1922 Huddersfield ta ci kofin FA, bayan ta doke Preston da ci 1-0. A 1924 kuma ta ci kofin lig karo na farko a tarihinta.

Wannan kofi na 1924 zai burge malaman lissafi. Huddersfield da Cardiff City sun gama da maki 57 kowacce. Huddersfield ta ci ƙwallo 60 an zura mata 33, Cardiff ta ci 61 an zura mata 34. A dokar lokacin ana raba ƙwallayen da ƙungiya ta ci ne da waɗanda aka zura mata. Idan aka raba 60 da 33 za a samu 1.818, idan aka raba 61 da 34 za a samu 1.794. Da wannan ɗan bambanci Huddersfield ta ɗauki kofi. Da a ce dokar yau ake bi, wato a ɗebe maimakon a raba, dukansu za su samu 27, sai a ba Cardiff saboda ta fi yawan cin ƙwallaye. Masu cewa lissafi ba shi da amfani a rayuwa, ga amsarku.

A 1925 Huddersfield ta sake cin kofin, ƙwallo 28 kacal aka zura mata a wasa 42. Chapman ya yi imani cewa daga tsaron gida ake fara gina ƙungiya.

Zuwansa Arsenal

Arsenal ta 1925 ba irin ta yanzu ba ce. Ba ta taɓa cin wani babban kofi ba, kuma a kakar da ta gabata ta ƙare ne a matsayi na 20 cikin ƙungiyoyi 22, saura ƙiris ta faɗa rukuni na biyu. Shugabanta, Henry Norris, ya sa talla a jarida yana neman manaja, har ya gargaɗi duk wanda bai iya gina ƙungiya ba sai da sayen 'yan wasa masu tsada cewa kada ma ya nema. Chapman ya bar zakarun Ingila ya karɓi wannan aiki a Landan, a kan albashin fam 2,000 a shekara. Tun farko ya faɗa cewa zai ɗauki shekara biyar kafin ya gina ƙungiya mai cin kofi.

Ɗan wasan da ya fara sayowa shi ne Charlie Buchan na Sunderland, mai shekara 33. Sunderland ta nemi fam 4,000, Arsenal ta ga kuɗin ya yi yawa. Sai aka daidaita a kan fam 2,000, da ƙarin fam 100 a kan kowace ƙwallo da zai ci a kakar farko. Buchan ya ci 21, don haka Arsenal ta biya fam 4,100, wato fiye da abin da aka nema tun farko. Idan kun ji ana cewa an sayi ɗan wasa a kan kuɗi kaza tare da ƙarin da ya danganta da ƙwazonsa, to ba yau aka fara ba.

Ci 7-0 da ya sauya ƙwallo

A shekarar 1925 ɗin ne aka sauya dokar satar gida. A da, sai akwai abokan hamayya uku tsakanin ɗan wasa da layin raga kafin a miƙa masa ƙwallo, sai aka mayar da su biyu. Nan take cin ƙwallo ya yi sauƙi. Ƙwallayen da aka ci a rukuni na ɗaya suka tashi daga 1,192 zuwa 1,703 cikin kaka guda. Ƙungiyoyi a lokacin suna tsayawa ne da 'yan baya biyu, 'yan tsakiya uku, 'yan gaba biyar, sai ya zama 'yan baya biyun sun yi kaɗan.

Ranar 3 ga Oktoba, 1925, Newcastle ta lallasa Arsenal da ci 7-0. Da a zamaninmu ne, da a daren nan za a cika gidajen kallo da kiran a kori koci. Chapman kuwa ya zauna da 'yan wasansa, ya saurari shawarar Buchan. Suka janyo ɗan tsakiya ɗaya ya koma baya, 'yan baya suka zama uku. Suka kuma janyo ɗan gaba ya sauko tsakiya don ya riƙa raba ƙwallo. Bayan kwana biyu Arsenal ta ci West Ham 4-0, kuma ta gama kakar a matsayi na biyu.

A hankali tsarin ya zama 'yan baya uku, biyu a gabansu, wasu biyu a gaban waɗannan, sai uku a can gaba. Idan aka zana shi a allo, 'yan gaba suna fitar da harafin W, na baya kuma harafin M, shi ya sa ake kiransa WM. Wasu ƙungiyoyi ma sun gwada janyo ɗan tsakiya baya, amma Chapman ne ya gina cikakken salo a kai: a tsare gida sosai, a bar abokan hamayya su taso, da an ƙwace ƙwallo sai a kai hari cikin sauri ta gefe. Shekaru da yawa bayan haka, wannan tsari ne yawancin ƙungiyoyin Ingila suka bi.

Saye da hankali

Ba za mu ɓoye ba, Chapman ya kashe kuɗi. A 1928 ya sayo David Jack daga Bolton a kan kuɗin da ya haura fam 10,000, karo na farko a duniya da aka biya irin wannan adadi a kan ɗan wasa, kuma mutane sun yi ta surutu. A 1929 ya sayo Alex James daga Preston a kan fam 8,750.

Amma dubi yadda ya yi da su. A Preston, James maciyin ƙwallo ne. Chapman ya mayar da shi tsakiya ya zama mai raba wa wasu, kuma da farko abin bai yi kyau ba, har 'yan kallo suka fara gunaguni. Kocin bai sauya ra'ayi ba, daga baya James ya zama ginshiƙin ƙungiyar. Sannan ba manya kaɗai yake saye ba. Ya ɗauko Eddie Hapgood daga ƙaramar ƙungiyar Kettering a kan kuɗin da bai kai fam 1,000 ba, kuma Hapgood ya zama kyaftin ɗin Ingila. Ya ɗauko Cliff Bastin daga Exeter yana ɗan shekara 17 a kan fam 2,000. Bastin ya ci wa Arsenal ƙwallo 178, babu wanda ya wuce shi sai Ian Wright a 1997. Chapman yakan fara sanin gurbin da yake son cikewa ne, sannan ya nemi wanda ya dace da gurbin, mai tsada ne ko mai araha.

Shekara biyar ta cika

Hanyar ba ta zo da sauƙi ba. A 1927 Arsenal ta kai wasan ƙarshe na kofin FA, Cardiff ta ci ta 1-0 bayan ƙwallo ta suɓuce wa mai tsaron gida. Shekarun da suka biyo baya ta yi su ne a tsakiyar tebur ko ƙasa da haka. Masu ƙungiyar suka yi haƙuri.

Ranar 26 ga Afrilu, 1930, a filin Wembley, Arsenal ta doke Huddersfield da ci 2-0 ta ɗauki kofin FA. Shi ne babban kofinta na farko, kuma ya zo daidai shekara biyar kamar yadda aka yi alkawari. Tun da Chapman ya horar da ƙungiyoyin biyu, sai suka fito fili tare kafaɗa da kafaɗa, al'adar da ake bi har yau. A 1931 Arsenal ta ci kofin lig da maki 66 da ƙwallo 127, a lokacin da nasara maki biyu ce ba uku ba. Ita ce ƙungiyar farko daga kudancin Ingila da ta yi haka. Ta sake cin kofin a 1933.

Ko a wannan lokaci na ɗaukaka an sha kunya. A Janairun 1933 ƙaramar ƙungiyar Walsall ta rukuni na uku ta fitar da Arsenal daga kofin FA da ci 2-0. Babba ma yakan faɗi, kuma a kakar nan ɗin ce Arsenal ta tashi ta ci lig.

Abubuwan da ya bari

Tun 1928 ya gwada sa lamba a bayan rigunan 'yan wasa, hukuma ta ƙi, sai a 1939 aka mayar da ita doka. Ya nemi a riƙa wasa da dare da hasken fitilu, nan ma aka ƙi, sai bayan 1950 aka amince. Shi ya kawo jar riga mai fararen hannuwa da Arsenal ke sawa, wadda Nwankwo Kanu ya saka lokacin da ya sa 'yan Najeriya da yawa suka fara son ƙungiyar. A 1932 ya shawo kan hukumar jiragen ƙarƙashin ƙasa ta Landan ta sauya sunan tashar Gillespie Road zuwa Arsenal, sunan da take ɗauke da shi har yanzu. Ya kuma riƙa tara 'yan wasa kowane mako su tattauna dabarun wasa, kowa ya faɗi ra'ayinsa. Wani ɗan wasansa, Tom Whittaker, da rauni ya hana shi ci gaba da wasa, Chapman ya ba shi aikin kula da lafiyar 'yan wasa. Daga baya Whittaker ya zama kocin Arsenal, ya ci lig a 1948 da 1953.

Rasuwarsa

A farkon Janairun 1934 mura ta kama shi, amma ya ci gaba da zuwa kallon wasanni cikin tsananin sanyi, har da wasan ƙananan 'yan wasan Arsenal. Murar ta rikiɗe ta zama ciwon sanyin haƙarƙari, wato nimoniya. Ya rasu ranar 6 ga Janairu, 1934, yana da shekara 55, aka binne shi a unguwar Hendon da ke Landan. Ƙungiyar da ya gina ta ci lig a shekarar da ya rasu, ta sake ci a 1935, sau uku ke nan a jere. Huddersfield ma da ya bari ta cika ukunta a jere a 1926. Ƙungiyoyi biyu na farko da suka yi wannan bajinta a Ingila, duk shi ya aza harsashinsu. A 2011 aka kafa mutum-mutuminsa a wajen filin Emirates.

Abin da muka koya

Na ɗaya, kuɗi na taimakawa, amma sai an haɗa da tsari. Ƙungiyar da ta sayi taurari ba tare da sanin inda za ta ajiye su ba, asara ta yi.

Na biyu, aikin kirki yana son lokaci. Da an kori Chapman bayan ci 7-0, ko bayan 1927, da tarihin Arsenal ya zama daban. Hausawa na cewa mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Na uku, ga 'yan uwanmu masu mafarkin zama 'yan ƙwallo har suna wasa da karatu. Ƙafar Chapman ba ta kai shi ko'ina ba, kansa ne ya kai shi. Ba kowa zai zama tauraro a fili ba, amma ƙwallo tana buƙatar koci da likita da akanta da ɗan jarida, kuma dukansu ta aji suke bi.

Na huɗu, mu kula da lafiyarmu. Idan jiki ya nemi hutu, a ba shi.

Tambayar wannan fitowa ita ce: shekara nawa ya kamata a ba sabon koci kafin a yanke masa hukunci? Ku rubuta ra'ayinku da dalilinku a takarda, ku sa aji, ku miƙa wa kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida. Za mu liƙa amsoshin da suka fi ma'ana a fitowa ta gaba, in sha Allahu.

Daga sashen tarihi da wasanni, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta.